Ɗakin aikin kod a gajimare: wanne za ka zaɓa idan jira ya ishe ka?

Ranar da muka ɗauki sabon mai rubuta manhaja, na tsaya a bayan kujerarsa ina kallon allon kwamfutarsa. Ya danna maɓallin buɗe ɗakin aiki a gajimare, wato kwamfutar rubuta kod da ke wata saba mai nisa wadda ake shiga ta intanet, rubutu ya fara gangarowa: ana kwafo rumbun kod, ana jawo imej na kwantena (ƙunshin tsarin da ɗakin zai tashi da shi), ana sauke laburare (kod na wasu da namu ya dogara da shi) ɗaya bayan ɗaya. Har shayinsa ya huce abin bai gama ba. Ya waiwayo ya ce, "Oga, kullum haka ake jira?" Kunya ta kama ni, don ni na tsara abin, kuma ni na yi masa alkawarin cewa da ya zauna zai fara aiki.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san inda mintocinka suke tafiya. Wurare uku ne. Akwai lokacin da ake tayar da injin, akwai lokacin jawo imej ko gina shi, sannan akwai kwafo kod da girka kayan da ya dogara da su. Kowane kamfani yana tallar sauri, amma wani tayar da inji yake gaggautawa, wani kuma girka kaya. In ka sayi maganin ciwon kai alhali ciki ke damunka, ka yi asarar kuɗinka. Ka buɗe bayanan da tsarin ke rubutawa lokacin buɗewa, ka duba agogon kowane mataki. Da na duba namu, injin yana tashi da wuri. Girka laburare ne ya cinye kusan duka lokacin.

Labarin GitHub kansu, kamfanin da ake ajiye rumbunan kod a wurinsa, ya nuna wannan a fili. A 2021 sun bayyana yadda suka mayar da injiniyoyinsu kan Codespaces, ɗakin aikinsu na gajimare. Babban rumbunsu ya kusa gigabayit 13, kwafo shi kaɗai na cin minti 20, buɗe ɗaki gaba ɗaya kuwa minti 45. Suka daina kwafo tarihin rumbun duka a karon farko, suka koma gina imej kowane dare a ajiye, sai lokacin ya sauko zuwa minti 5. Daga nan ne suka kawo tsarin shirya ɗakuna tun kafin a nema, ya koma daƙiƙa 10. Ka lura da kyau: minti 40 daga cikin 45 gyaran cikin gida ne ya kawar da su.

To, Codespaces ɗin nan shi ne zaɓi mafi sauƙi ga wanda kod ɗinsa ke GitHub. Tsarin da suke kira prebuild, wato shirin gaba, kamar mai tuwo ce da ta gama girki tun kafin masu saye su iso: duk lokacin da aka tura sabon kod, GitHub Actions, tsarinsu mai gudanar da ayyuka da kansa, zai gina ɗakin, ya girka kaya, ya ajiye shi a shirye. Amma akwai tarkon da ni ma na faɗa. A cikin devcontainer.json, fayil ɗin da ke fayyace saitin ɗakin, umarnin da ka sa a onCreateCommand da updateContentCommand su ne ake gudanarwa a lokacin shirin gaba. Wanda ka sa a postCreateCommand yana jira sai mutum ya buɗe ɗakin. Ni kuwa a can na ajiye npm install, umarnin girka laburare, shi ya sa na kunna shirin gaba amma yaron nan ya ci gaba da jira. Layi ɗaya na matsar, washegari ya buɗe ɗaki kafin ya gama gyara zama.

Kuɗinsa a bayyane yake. Inji mai kor 2 (kor shi ne ma'aunin ƙarfin injin) santi 18 na dala ne a awa, mai kor 4 santi 36, ajiya kuma santi 7 kan kowane gigabayit a wata. Mutum ɗaya a kan kor 4, awa 8 a rana, kwana 22, ya kai dala 63 da ɗoriya. Asusun kyauta na mutum ɗaya yana da awa 60 a wata a kan ƙaramin injin, da gigabayit 15. Inda kuɗi ke zurarewa ba a lura ba shi ne ajiyar ɗakunan da aka shirya: in ba ka taɓa saitin ba, ana ajiye kwafi a kowane yankin duniya da suke da saba, kuma ana riƙe guda biyu na baya-bayan nan. Ɗaki mai gigabayit 10, kwafi 2, a yankuna 5, ya zama gigabayit 100, dala 7 a wata kan reshen kod ɗaya tak. Ka rage shi zuwa yanki ɗaya, ka takaita shi ga babban reshe, in kuma kayanku ba sa canzawa sosai, ka sa ya riƙa gini ne kawai idan saitin ya canza.

Ga wanda ke aiki daga Kano ko Yamai akwai wani abu da masu talla ba sa faɗa. Codespaces ba shi da yanki a Afirka, Turai ta Yamma ce mafi kusa. Ɗaki zai iya buɗewa cikin daƙiƙa 10, amma kowane harafi da ka buga a taminal, wato tagar buga umarni, sai ya je Turai ya dawo. Da intanet mai kyau ba za ka damu ba. Ranar da layi ya yi nauyi za ka ji a jikinka. Buɗe ɗakin ta manhajar rubuta kod ta VS Code da ke kan kwamfutarka ya fi sauƙi a kan buɗe shi ta burauza.

Wannan ne ya sa nake girmama DevPod, wanda kamfanin Loft Labs ya fitar a 2023. Kyauta ne, kod ɗinsa a buɗe yake, kuma ba ya buƙatar wata sabar tsakiya. Fayil ɗin devcontainer.json ɗin nan dai yake karantawa, kai kuma ka zaɓi inda zai tayar da ɗakin: Docker na kwamfutarka, Kubernetes, AWS, Google, Azure, ko wata sabar da kake shiga ta SSH. Kana iya zaɓen sabar da ke Cape Town ko Johannesburg, in gwaji ya nuna maka sun fi Turai saurin amsawa daga inda kake, domin ba kullum kusancin taswira ke zama kusancin waya ba. DevPod yana iya gina imej tun da wuri ya tura shi ma'ajiya. Rauninsa shi ne in sabon inji zai tayar, sai ka jira injin, kuma babu wani allo guda da shugaban ƙungiya zai ga wa ya bar inji a kunne.

Jiran tashin inji maganinsa daban ne: a ajiye injuna a kunne suna jiran mai zuwa, kamar motar da ke tasha direba na ciki. Cloud Workstations na Google yana da wannan, ka faɗi adadin injunan da za su zauna cikin shiri. Sai dai duk awar da suka yi a zaune kai ne mai biya, ko an hau ko ba a hau ba, ga kuma kuɗin kula da tsarin da ke tafiya dare da rana. Ga ƙungiyar mutum huɗu ko biyar ban ga ribarsa ba.

Wani tsarin kuma mai suna Coder na manyan gidaje ne. Kai za ka girka shi a sabarka, ka rubuta fasalin ɗakuna da Terraform, manhajar tsara sabobi a rubuce, kod ba ya fita daga hannunka. Banki ko ma'aikatar da doka ta hana fitar da bayanai, nan ne wurinsu. Tushensa kyauta ne, amma ɗakunan da aka shirya tun da wuri suna cikin lasisin biya, kuma dole a samu mutum wanda kula da shi ne aikinsa. In babu wannan mutum, kada a fara.

Abu na ƙarshe da nake dubawa kafin zaɓe shi ne ƙofar fita. A watan Yulin 2024 AWS ta rufe Cloud9, nata ɗakin aikin na gajimare, ga sababbin masu shiga. Gitpod, wanda mutane da yawa suka fara sanin shirin gaba ta hanyarsa, ya koma Ona a 2025 ya karkata ga wakilan ƙirƙirarriyar basira. Saboda haka duk abin da ya shafi ɗakinmu a devcontainer.json da Dockerfile (fayil ɗin gina imej) nake rubuta shi, tunda Codespaces da DevPod suna karanta su kai tsaye, Coder ma yana iya aiki da su.

Mu dai mun tsaya a Codespaces, yanki ɗaya, reshe ɗaya, inji ya kashe kansa bayan minti 30 ba a taɓa shi ba. Biyu daga cikinmu masu kwamfuta mai ƙarfi suna amfani da DevPod a kan Docker na gida da fayil ɗin nan guda, sai ranar da suke kan hanya su koma gajimare.