Sharhi: kundin tatsuniyoyin Turawa takwas na yara, da mugayen matan da ke cikinsa

Kundin nan na ƙananan littattafai takwas a kwali ɗaya ana samun irinsa a shagunan littattafai na Wuse da Garki. Kowane littafi shafi 24 ne, Turanci mai sauƙi, layi uku ko huɗu a ƙarƙashin babban hoto. Na yi amfani da shi wata uku wajen karanta wa yara masu shekara 5 zuwa 8, kuma ta fuskar koyon karatu ba ni da ƙorafi. Minti goma ya isa a gama littafi guda, kalmomi suna maimaituwa, yaro ɗan aji biyu yana iya binsu da yatsa. Takardar tana da kauri. Ɗinkin ne dai ba ƙarko, waya biyu ce kawai ke riƙe da bango, don haka a manna salatif mai faɗi a gadon bayan kowane littafi tun kafin ya shiga hannun yara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda aka ɗora wa mugunta. A littattafai biyar cikin takwas mace ce: sarauniya mai madubi a labarin yarinya da wadanni bakwai, matar uban Sindirela da 'ya'yanta, mayyar da ta tsare Hansel da Giretel, wadda ta kulle Rafunzal a hasumiya, sai wadda ta tsine wa jaririyar sarki ta ce mazari zai soke ta. Sauran ukun kerkeci ne sau biyu da ƙato sau ɗaya. Wato in mugun namiji ne, sai a mai da shi dabba ko dodo. In mace ce kuwa, mutum ce ta cikin gida ko maƙwabciya.

Wannan ba haka ya faɗo daga sama ba. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Yakub da Wilhelm Grimm, sun fara buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812, suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857. A bugun farko, uwar da ta haifi yarinyar wadannin ce ke kishin kyanta har ta sa a kashe ta. A bugun 1819 aka mayar da ita matar uba. Haka uwar Hansel da Giretel, ita ma mahaifiya ce da fari, sai a bugun 1840 ta koma matar uba. An wanke uwa, an juye laifin a kan wadda ta shigo daga baya, masu taƙaitawa na yau kuma suka gaji abin yadda suka same shi.

Taƙaitawar ita ce babbar illar wannan kundi. Duk inda aka rage labari, dalilin macen ake fara yankewa, sannan laifin namijin. A labarin mazari na Grimm, mata masu sani goma sha uku ne a ƙasar, farantan zinariyar sarki kuwa goma sha biyu, shi ya sa ya ƙi gayyatar ɗaya. A nan babu zancen faranti, kawai ta faɗo biki da baƙin mayafi tana tsinuwa. Uban Rafunzal ya haura katangar lambun matar ya saci ganye, da aka kama shi ya yi alkawarin ba da abin da matarsa za ta haifa. Kundin ya ba wannan jimla ɗaya. Uban Hansel sau biyu yana raka 'ya'yansa daji ya baro su, amma a shafin ƙarshe ga shi nan yana murmushi ana zuba masa lu'ulu'u, matar kuwa an ce ta mutu, shi ke nan.

Hotunan sun ƙara dagula lamarin. Dogon hanci, ƙusumbi, haƙori ɗaya, sanda. 'Yan ubancin Sindirela an zana su munana, alhali a rubutun Grimm kyawawa ne a fuska, zuciyar ce baƙa. Yaro ɗan shekara biyar hoto yake karantawa kafin rubutu, kuma abin da hoton ke gaya masa shi ne tsufa da muni alamar mugunta ne. A ƙasar da har yanzu ake jifan tsofaffi mata da zargin maita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada a ce namu tatsuniyoyin sun tsira. Labarin 'yar mowa da 'yar bora ma kishiyar uwa yake tuhuma. Bambancin shi ne bakin da ke faɗa: kaka ko goggo ce ke cewa ga ta nan ga ta nanku, ta san gidan, ta san wa ke saurare, tana iya sassauta wuri ta tsawaita wani. Kuma a namu sau da yawa tsohuwar da ake tararwa a hanya, mai cewa a cuɗa mata baya, ita ce ke saka wa mai ladabi da alheri. Littafi ba ya duba fuskar yaro. A gidan da akwai abokiyar zama, ko yaran da matar babansu ke riƙonsu, karanta Sindirela yadda take a shafi yana iya tayar da abin da ba a shirya masa ba.

Ga yadda ya fi yin aiki. Babba ya karanta littafin shi kaɗai tukuna, minti biyar ne. A fara da na kerkeci da na ƙato, a jinkirta na matan uba. Kada a jera biyar ɗin a mako guda; ɗaya a mako, a sa tatsuniyar gida a tsakani. In an zo wurin da aka yanke, a mayar da shi da baki, kamar farantai goma sha biyu da satar ganye. A tsaya sau ɗaya kawai a yi tambaya, misali "Baban nasu fa, ina yake a lokacin?" In tambayoyi suka yi yawa yara sukan gaji, labarin ya koma darasin aji. A nemo mazari na gaske a nuna musu, don yawancin yaran Abuja ba su taɓa ganin ana kaɗi ba.

Ga mai neman abin koyon Turanci, kundin ya ci kuɗinsa. Littafin Hansel da Giretel ne kaɗai na ware a gefe sai yaro ya haura shekara bakwai, saboda hoton tanda da kejin da ke shafukan tsakiya yana hana ƙanana barci.