Man lin da na shafa wa teburin Baba

Teburin marigayi Baba ne, katakon maɗaci, tun muna gidanmu na unguwar Birni yake, kuma vernin da aka shafa mishi tun da can, wato man nan mai sa katako ƙyalli, duk ya tsattsage yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, zafin Damagaram ba ya barin verni ya daɗe. Raina bai so in sake maida mishi wannan ƙyallin ba, shi ya sa wani kafinta maƙwabcinmu ya ce in nemi man lin, man da ake tatsa daga irin wani tsiro, wanda aka rubuta huile de lin a jikin gwangwanin. Na samu a wani shagon kayan gini wajen kasuwar Dole, litir guda, har yanzu da saura.

Iri biyu ne fa, a kula. Akwai ɗanye, shi sai ya yi kwanaki bai bushe ba, akwai dafaffe da aka sa ma sinadarin busarwa, kwana guda ya isa. Dafaffen na ɗauka.

Na kankare tsohon vernin, na goge da samfefa lamba 120 mai kaushi sannan 220 mai laushi, ina bin tsawon katakon. Shafin farko na labta man da yawa na bar shi ya kwana, lokacin hunturu ne kuma, da safe na tarar ya yi danƙo ƙura duk ta manne, wallahi raina ya ɓaci sosai don teburin nan ba abin wasa ba ne a wurina. Kafintan ya zo ya duba ya ce "Malam, ai man nan ba fenti ba ne, ka ba katako ya sha minti 20 sai ka share ragowar tas da busasshen tsumma." Haka na sake gogewa na bi maganarshi, shafi uku sirara, kwana guda tsakanin kowane, cikin ɗaki ƙofa rufe.

Kai, jan maɗacin nan da ya fito! Ya ƙara duhu kaɗan, zanen itacen ya bayyana, in ka ɗora hannu katako kake ji ba roba ba. In ya ƙarce kuma wurin kawai za ka goge ka shafa.

Amma ruwa yana barin tabo in kofi ya daɗe a kai, kuma ba maganin gara ba ne. Dafaffen kar a sa ma akushi ko ludayi, saboda sinadarin busarwan da ke ciki. Man gyaɗa da wasu ke shafawa ba ya bushewa, wari yake yi daga baya.

Tsummokaran kuma don Allah kar a dunƙule su a jefa lungu, man yana ɗaukar zafi in yana bushewa har wuta ta iya tashi da kanta. Ni cikin bokitin ruwa na tsoma nawa. Bayan damina zan ƙara mishi shafi guda.