Gargaɗi kan jami'ar bogi mai tallar digiri na biyu a fannin koyar da kiɗa

Ina rubuta wannan ne cikin ɓacin rai, domin dala 1,400 da na tara daga albashin koyarwa sun salwanta a hannun wasu mutane da suka ce su jami'a ce a Amurka mai horar da malaman kiɗa ta intanet. Dala 1,400, kuma ko darasi ɗaya ban samu ba.

Masu cewa na yi gaggawa ba su ga abin da na gani ba. Manhajar da suka turo mini ta ƙunshi tsarin Kodály da tsarin Orff, hanyoyin koyar da kiɗa biyu waɗanda duk mai koya wa yara kiɗa ya san darajarsu, sannan a shafinsu akwai tambarin NASM, ƙungiyar da aka kafa a 1924 mai tantance makarantun kiɗa a Amurka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiran da wani ya yi mini da sunan shugaban sashe. Ya tambaye ni shekarun ɗalibaina, ya tambayi yadda nake koya musu bin kari da tafi, daga nan ya ce, "Malama, irinki muke nema." Har yau ina jin muryar nan tasa. Ina ɗan damfara ya san a yi tambaya kan tafi da kari? A ranar na tura dala 1,200 na riƙe gurbi. Dala 200 na takardar nema sun riga sun tafi. Takardar ba da gurbin kuwa ta iso ne bayan kiran, kafin su nemi bidiyon ajina, wanda shi ma na tura musu da hannuna, da fuskokin yarana a ciki. Wannan ya fi asarar dala 1,400 yi mini ciwo.

Da lokacin fara karatu ya yi, sai shafin ya ɓace, lambar wayar ta daina shiga. Na duba jerin makarantun NASM, babu sunansu, ashe tambarin ma sato shi suka yi. Rasidan biyan kuɗin da hotunan saƙonninmu duk suna hannuna, kuma zan wallafa su da zarar na rufe bayanan asusuna.

Ku nemi sunan makaranta a shafin NASM da kanku, kuma kada ku tura kuɗin karatu zuwa asusun wani mutum.