Injin banso (na yanka katako, mai zarto kamar bel) mai inci 14: wata shida ina aiki da shi

Gaskiya na daɗe ina wasi-wasi tsakanin ɗan ƙaramin mai inci 10 da ake ɗorawa kan tebur da wannan mai inci 14 (faɗin ƙafafun da zarton ke zagayawa a kansu ke nan), a ƙarshe dai na dage na ɗauki babban, na hannu ne amma jikinsa ƙarfen zubi, nauyi kamar me, sai da mu uku muka shigar da shi garejin gida. Motar da ke juya shi mai ƙarfin doki ɗaya (1 HP) ce, tana tsaga katako mai kaurin inci 6 ba gardama, har madaci na gwada ya wuce lafiya lau in dai ba ka tura da ƙarfi ba.

Zarton da ya zo da shi ne kawai ya ɓata min rai, yanka yake yana karkacewa, na ɓarnatar da katako biyu kafin na gane. Da na sa sabo mai faɗin rabin inci, haƙori 3 a kowane inci, wallahi kamar an canza injin. Na yanka mai lanƙwasa kuwa siririn kwata inci nake sawa.

Don Allah kafin ka biya ka duba lantarkinsa, na Amurka da yawa volt 110 ne, namu 220. Kuma ƙaramin janareto ba ya tada shi.