ncdu: ƙaramar manhaja mai tona asirin abin da ya cinye faifai

Masu gyaran kwamfuta a Garwa da Marwa sun saba da saƙon nan na Linux mai Faransanci: "Aucun espace disponible sur le périphérique", wato wuri ya ƙare a faifai. Abin da aka fi fara bugawa shi ne df -h, kuma daidai ne. Yana nuna girman kowane sashe na faifai, abin da aka ci, da saura. A ƙara --total a ga jimla a layin ƙarshe. A Ubuntu, -x squashfs -x tmpfs na kawar da layukan da ba su da amfani. Amma df dai ya ce an cika, ba ya faɗin wanda ya cika.

Nan ncdu ta yi fice. Yoran Heling ne ya rubuta ta, kuma kyauta ce. Ana saka ta da sudo apt install ncdu, ba ta kai megabait ɗaya ba, ko da datar waya ce ba za a ji jiki ba. A buga sudo ncdu -x / sai ta bi folda-folda ta jera su daga babba zuwa ƙarami, a riƙa shiga da fita da kibiyoyi. Wannan -x ɗin kada a manta da shi, in ba haka ba za ta shiga ƙirga filashin da ke jone. Galibi ɓarawon yana cikin /var/log ko /var/cache/apt/archives, na biyun sudo apt clean ke share shi.

Tana da aibi. Harafin d gogewa yake yi kai tsaye, tambaya ɗaya ce, kuma babu kwandon shara. Wanda zai bar wa yaron shago, ya buɗe masa da -r, mai hana gogewa. A kan tsohon faifai mai juyawa kuma sai an yi haƙuri da ƙirgar.

Wani lokaci lissafinta ya saɓa da na df. Dalili biyu ne: ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, na keɓe kashi 5 cikin 100 domin root, wato asusun mai cikakken iko, sannan fayil ɗin da aka goge alhali wata manhaja na riƙe da shi bai saki wurinsa ba. sudo lsof +L1 ke nuna irinsu. In kuma wuri na nan amma rubutu ya ƙi, a duba df -i, wataƙila ƙananan fayiloli ne suka ƙarar da inode, wato gurbin rajista da kowane fayil ke ɗauka.

Faifan 500 GB da ya nuna kusan 465G, ba cuta aka yi ba: mai ƙera shi da 1000 yake lissafi, -h kuma da 1024.