Injin huda mai batir: abin da ya iya da inda ƙarfinsa ya tsaya

Injin da nake amfani da shi matsakaici ne, ba na 'yan kwangila ba. An rubuta 18V a jikinsa, yana da giya biyu, kansa yana riƙe bakin huda har mai kaurin milimita 13, kuma yana da saiti uku: na ɗaure sukuru, na huda zalla, da na huda tare da bugu. Ya zo da batir biyu da caja da 'yar jakar bakuna. Don huda bango na saye shi, saboda ƙarfen labule da kantoci da madubi sun daɗe suna jiran a kafa su. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai na lura yawancin lokacin da nake ɗauko shi, sukuru zan ɗaure ko in kwance. A nan ne ya fi burge ni, kuma nan ne masu talla ba su cika magana ba.

Akwai wani zobe mai lambobi a bayan kan injin. Mutane da yawa suna juya shi zuwa ƙarshe su manta da shi, suna ganin babbar lamba ita ce mafi kyau. A wurina zoben nan shi ne rabin darajar injin. Kuloci ne: kana sa shi a ƙaramar lamba, da zarar sukuru ya zauna sai ka ji ƙarar "tar-tar-tar", injin yana juyawa amma bakin ya daina tura sukurun. Ma'ana, ba zai nitsar da kan sukuru cikin katako ba, ba zai cinye ramin ba, ba zai fasa falanki ba. Wanda ya taɓa haɗa durowa ko kabad irin na garin katako da aka danne, ya san yadda juyi ɗaya na ƙari yake lalata rami har abada.

Aikin da ya sa na yarda da shi sosai gyaran ƙofar kabad ne da ta sunkuya, ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da hannu. Na kwance hinjin sama, na ga ramukan sun buɗe, sukurun yana shiga yana fita ba tare da ya kama komai ba. Na fere 'yan siraran itace, na shafa musu gam ɗin katako, na cusa su cikin ramukan har suka cika, na yanke abin da ya fito waje, na bar shi ya kwana. Washegari na sa ɗan siririn baki na milimita 2 na yi ramin jagora a tsakiyar kowanne, sannan na mayar da injin giya ta ɗaya, zoben kuma a lamba ƙarama. Na taɓa kunamar a hankali, sukurun ya shiga sannu sannu, har ana jin sabon itacen yana kama zarensa. Da ya kai ƙarshe kulocin ya saki da kansa. Na ƙara lamba ɗaya, na sake taɓawa, hinjin ya manne da jikin katako ba rata. Ƙofar ta rufu da yatsa ɗaya. Da sukurdireba ma za a iya wannan aikin, ban musa ba, amma idan hinji shida ne ko goma, hannu zai gaji, kuma hannun da ya gaji shi ne yake zamewa ya ƙwarzane fenti.

Kunamar ma ta cancanci yabo. Gwargwadon yadda ka danna, gwargwadon gudun injin, kuma a nawa farkon dannawar yana da laushi ƙwarai, har kana iya ƙirga juyin da ido. Wannan yana da muhimmanci wajen fara rami a kan ƙarfe ko tayil, inda baki yake son ya yi ta yawo kafin ya kama.

A bangon bulo da filasta bai taɓa ba ni kunya ba. Ramin milimita 6 ko 8 na robar fisha yana fita cikin daƙiƙoƙi. Robar nan, wadda Artur Fischer ya ƙirƙiro a Jamus a 1958, ita ce take riƙe duk abin da muke rataye a bango, kuma ba ta yafe rami mai faɗi. Idan baki ya yi rawa ramin ya buɗe, fishar za ta riƙa juyawa tare da sukurun, ba abin da zai ɗauru. Saboda haka nake fara kowane rami ba tare da bugu ba, har sai na wuce filasta, domin bugu tun daga farko yana ɓantare gefen ramin. Sai na ji baki ya taɓa bulo sannan in kunna bugun. Ina naɗa salatif a jikin bakin daidai tsawon fishar da ɗan ƙari, in tsaya idan salatif ɗin ya taɓa bango. Bayan haka a fitar da ƙurar da ke cikin ramin, don fisha ba ta kama gari. Idan fishar ta shiga da ɗan bugun guduma, ramin ya yi. Idan ta faɗa ciki da kanta, ya yi yawa. A bulo mai rami a ciki kuwa sai an sassauta hannu, domin baki yana faɗawa cikin kogon ba zato, kuma bugu mai ƙarfi yana fasa bayan bulon ya bar fishar ba wurin kamawa.

Tayil ba ya son bugu ko kaɗan. Salatif a kan wurin, baki na musamman mai kan mashi, gudu kaɗan, haƙuri. Injin ya yi wannan lafiya lau a tayil na bango. Tayil mai tauri irin na ƙasa sai baki mai lu'ulu'u da ɗan ruwa don sanyaya shi.

Inda ya tsaya cak shi ne kankare. Ƙarfen labule yakan faɗo daidai kan kankaren da aka zuba a saman taga, kuma a nan injin ya yi ta ihu, bakin ya yi zafi, ramin bai wuce tsawon farce ba. Wani magini da muke mutunci ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya ce, "Malam, ka daina wahalar da shi, wannan ba aikinsa ba ne." Ya kawo nasa mai waya, irin wanda ake kira SDS, ya huda wurin kafin in gama naɗe hannun riga. Dalilin a bayyane yake idan mutum ya san cikin injinan biyu. Bugun nawa daga faifai biyu ne masu tudu-tudu da suke gogar juna, suna ba da ƙananan bugu dubbai a minti ɗaya, kuma ƙarfinsu ya dogara da yadda ka danna da jikinka. Shi kuwa SDS, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975, yana da fistin a ciki da yake matsa iska ta harba ƙarfe a gindin bakin, bakin kuma yana da 'yancin zamewa gaba da baya. Nawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ne da yatsa, nasa kuwa mai dukanta da guduma. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kwalin injina yana ɗauke da hoton kankare, har da lambar kaurin ramin da wai zai iya. Wanda bai sani ba zai saya da wannan tsammanin, ya ƙona bakuna, ya zaci shi ne bai iya ba. Kuma idan baki ya tsaya a kankare kwatsam, ƙura ta daina fitowa, mai yiwuwa rodi ya tarar. Kada a matsa, a canza wuri.

Bakunan da suka zo cikin jakar ba su dace da injin ba. Na bango sun dakushe da wuri, ɗan ƙarfen da ke kan ɗaya ma ya ɓalle. Na ƙarfe sun yi aiki a katako da roba, amma a kan ƙarfe mai ɗan kauri sai suka yi shuɗi saboda zafi. Na sayi 'yan kaɗan masu kyau daban: na bango 6 da 8, na ƙarfe daga 2 zuwa 6, na katako masu tsini a tsakiya. Injin ya koma kamar wani sabo. Ga ƙarfe, ɗigon mai da gudu kaɗan suna tsawaita ran baki, kuma a fara buga ɗan gurbi da ƙusa don kada ya zame. Akwai kuma abin da ya kamata a ce an rubuta a takardar da ta zo da shi da manyan baƙaƙe: sukuru mai kan giciye iri biyu ne. Akwai PH, akwai PZ, shi na biyun yana da ƙananan layuka huɗu a tsakanin giciyen. Suna kama da juna a ido, amma idan ka sa bakin PH a sukurun PZ zai riƙa tsalle yana cinye kan sukurun, har ya zama ba ya ɗauruwa ba ya kwantuwa. Yawancin abin da ake ɗora wa injin laifi a kai, daga nan yake.

Batun batir yana da ruɗani da gangan. Za ka ga wani an rubuta 18V, wani 20V, ka ɗauka na biyun ya fi ƙarfi. Abu ɗaya ne. Ƙwayoyin batir biyar ne a jere a ciki, kowace tana ba da bolt 3.6 a lokacin aiki, biyar ɗin su ba da 18. Idan an cika su fal, kowace takan kai wajen bolt 4, shi ne 20 ɗin da wasu suke bugawa a kwali. Lambar da ta fi amfani ita ce ta Ah, wadda take nuna yawan cajin da batir yake ɗauka. Nawa masu 2Ah ne, kuma ga aikin gida sun isa: ɗaya yana aiki, ɗaya yana kan caja, ban taɓa tsayawa jira ba. Masu 4Ah ko 5Ah sun fi daɗewa, amma nauyinsu yana bayyana idan hannu yana sama. Injin da ƙaramin batir ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, kuma ko hakan ma kafaɗa tana sanarwa bayan an jima ana aiki a silin.

Abin da nake so game da batir irin na lithium shi ne yana riƙe caji. Sai in ajiye injin tsawon lokaci, in ɗauko shi in tarar da sauran ƙarfi. Tun 1961 kamfanin Black & Decker ya fitar da injin huda marar waya na farko, amma tsofaffin batura na nikel suna zubar da cajinsu a ajiye, shi ya sa mutane da yawa suka daɗe suna raina injin batir. Sai daga 2003, lokacin da Bosch ya sa lithium a ƙaramin injin ɗaure sukuru, al'amarin ya fara juyawa. Shi dai lithium zafi ne abokin gabansa. Ba na barinsa a rana ko cikin mota a rufe, ba na ɗora shi a caja yana da zafi daga aiki, ba na ajiye shi babu caji ko kaɗan. Sannan a sani, galibi batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Wanda ya sayi injin huda yau, ya zaɓi gidan da zai sayi zarto da injin goge katako gobe, ko ya tara caja iri-iri.

Akwai abin da ba na wasa da shi. Wayoyin lantarki a cikin bango galibi suna tafiya a miƙe ne, sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni, don haka ba na huda a kan waɗannan layukan, kuma a bangon banɗaki da kicin ina tunanin inda bututun ruwa ya bi kafin in sa baki. Ƙaramar na'urar gano waya da ƙarfe a bango tana taimakawa, ko da yake ba kullum take faɗin gaskiya ba. Tabarau dole ne, musamman idan ana huda sama da kai. Ƙurar siminti da kankare tana ɗauke da garin yashi mai illa ga huhu, takunkumi ba ado ba ne. Kuma a giya ta ɗaya, a saitin huda zalla, kuloci ba ya aiki. Idan babban baki ya maƙale a katako, injin ne zai juya maimakon bakin, ya murɗe wuyan hannu. Nawa bai zo da mariƙi na gefe ba, kuma ina ganin injin da yake da wannan ƙarfin bai kamata a sayar da shi haka ba. Hannu biyu nake sa masa.

Ƙananan abubuwa biyu suna damuna har yanzu. Fitilar da ke jikinsa tana saman kunama, sai kan injin ya jefa inuwa daidai wurin da nake son gani. Waɗanda aka sa musu fitila a ƙasa kusa da batir sun fi hankali. Na biyu, kan da yake riƙe baki yana sassautawa idan an daɗe ana bugu, sai ka ja injin ka bar bakin a cikin bango. Yanzu ina ƙara matse shi bayan kowane rami biyu ko uku.

Kan nan shi ne abin da zan ce mai saye ya duba da hannunsa kafin ya biya. Ya sa dogon baki, ya matse, ya danna kunamar a hankali yana kallon tsinin. Idan tsinin yana zana da'ira a iska maimakon ya tsaya wuri ɗaya, a ajiye wannan a ɗauko wani, domin duk ramin da zai huda zai fi fisharsa faɗi. Ya kuma juya zoben zuwa lamba ta ɗaya, ya riƙe kan injin da tafin hannu ba tare da baki a ciki ba, ya taɓa kunamar kaɗan: ya kamata kulocin ya saki nan take ba tare da ya fizge hannun ba.