Jirgin Nilu daga Luksor zuwa Aswan: Me mai karatun labaran soyayya da asiri zai tarar?

Mai yawan karanta labaran soyayya da ake cakuɗawa da asiri da tonon kayan tarihi ya san yadda ake kitsa su: baƙi 'yan kaɗan a jirgi ɗaya, kogi shiru, kabarin da aka shekara dubbai ba a buɗe ba, da wani fasinja mai ɓoye sirri. Kamfanonin yawon buɗe ido a Masar wannan yanayin suke tallatawa. Wuraren tarihin kam suna nan, har sun fi yadda ake siffanta su. Shirun kogin ne ba kowane jirgi ke bayarwa ba, kuma a nan mutum ke cin riba ko ya yi asarar kuɗinsa.

Tsakanin Luksor da Aswan akwai tafiyar kilomita fiye da 200 a ruwa. Manyan jirage sukan yi kwana 4 idan an taso daga Luksor, kwana 3 idan daga Aswan ne, domin mai gangarowa arewa ruwa na tura shi. Na kwana 4 ya fi. A na kwana 3 Luksor ce ake takurawa, alhali ita ce ta fi buƙatar lokaci. A nan haikalin Karnak yake, mai zauren ginshiƙai 134. A ƙetaren yamma kuma ga Kwarin Sarakuna da kaburbura sama da 60, ga haikalin sarauniya Hatshepsut da aka gina a gindin tsauni.

A kula da batun tikiti. Tikitin shiga Kwarin Sarakuna kaburbura 3 kawai yake buɗe wa mutum. Kabarin fir'auna Tutankhamun, wanda Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi Howard Carter ya gano a Nuwamban 1922, tikitinsa daban, kuma ƙarami ne, kusan duk kayansa an kwashe zuwa gidajen tarihi. Wanda ke son ya ga abin da marubuta ke ta yabo, wato zane mai launi daga bango har rufi, ya ƙara kuɗi ya shiga na Seti na Ɗaya ko na Ramsis na Shida. Kamfanoni da yawa ba sa haɗa waɗannan a farashi, sai an isa ƙofa ɗan jagora ya faɗa. A nemi a rubuce tun kafin biya: wane tikiti ke ciki, wanne ne babu.

Babban aibin manyan jirage shi ne tsayuwa. Lokacin da jirgi ke tafiya sosai bai kai rabin kwanakin ba, sauran duk a tashar ruwa ake yin sa. Matsayar ta yi kaɗan ga yawan jirage, saboda haka ana jera su gefe da gefe, wani lokaci huɗu ko biyar, sai fasinja ya ratsa falon jiragen wasu kafin ya taka ƙasa. Ka biya ɗaki mai taga don kallon kogi, ka yaye labule, sai ka ga tagar wani jirgi da hannu zai iya taɓawa. Janaretoci kuma suna kwana a kunne, hayaƙin dizal na taruwa a tsakanin jiragen. Maganin abin tun wajen zaɓen ɗaki ne: hawa na sama, wajen gaba ko tsakiya, nesa da injin da ke baya. Ɗakunan hawan ƙasa sun fi araha ne domin suna daf da ruwa, kusa da ƙugin inji, kuma sau da yawa tagarsu ba ta buɗuwa. Yana da kyau a tambaya ko kamfanin na da matsayarsa ta kansa.

A Isna, kudu da Luksor, akwai mashigar da ake kulle jirgi a ciki a ƙara ruwa har ya hau matakin kogin na gaba. Idan jirage sun yi cunkoso jira yakan ɗauki awoyi, shi ya sa jadawalin kwana na biyu ke yawan rushewa. Sai dai jiran ba ya gundura. 'Yan kasuwa na zuwa a ƙananan kwale-kwale, su ɗaure da jikin jirgi, su cilla jallabiya ko mayafin tebur a cikin leda har hawa na huɗu, ana ciniki da ihu. Idan an daidaita, a sa kuɗi a ledar a jefa musu. Wanda bai yi niyyar saye ba kada ya buɗe ledar.

Garin Idfu na da haikalin gunkin Masarawan da, Horus, wanda aka fara ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa aka gama a ta 57, kuma rufinsa na nan, duhun cikinsa ya fi kowane wuri kama da abin da ake karantawa. Matsalar ita ce jirage na sauke fasinjojinsu kusan lokaci ɗaya da asuba, kowa ya hau keken doki zuwa ƙofa ɗaya. Haikalin Kom Ombo a bakin ruwa yake, da ƙafa ake shiga, kuma kusa da shi akwai ɗakin ajiye gawarwakin kadoji da aka busar tun zamanin da. A Aswan da ƙaramin jirgi mai inji ake zuwa haikalin Fila, wanda aka kwance aka sake haɗawa a tsibirin Agilkiya don kada ruwan madatsa ya cinye shi. Abu Simbel, wurin haikalan dutse da ke can kudu da Aswan, ba ya cikin tafiyar, domin babbar madatsar da aka kammala a 1970 ta tare hanya. Kilomita kusan 280 ne a mota, ana tashi tun cikin dare, kuɗinsa daban, kuma ya cancanci wahalar.

Wanda yanayin littafi ne ya kawo shi, dahabiyya ya kamata ya nema. Jirgi ne mai filafilai biyu da ɗakuna 'yan kaɗan, galibi ƙasa da 12. Yakan taso daga Isna ya nufi kudu, tunda iskar Nilu daga arewa take busowa. Idan iska ta kwanta wani ƙaramin jirgi ne ke jansa da doguwar igiya, don ƙarar inji ta yi nisa. Yana tsayawa inda manya ba sa tsayawa, kamar Jabal Silsila, inda aka sassaƙo duwatsun gina haikalai kuma sawun kurfi na nan a jikin dutse har yau. Ya fi tsada sosai, galibi ba shi da wurin iyo, kuma Luksor sai an ware mata kwanaki a otal.

Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacin zuwa. A bazara zafi na wuce digiri 40, cikin kaburbura kuma babu iska. Farashi yakan haɗa da abinci sau uku amma ban da ruwan gora da lemo, tukwicin ma'aikatan jirgi kuma a ranar sauka ake tattarawa a ambulan, na ɗan jagora daban. Wuraren tarihi da yawa yanzu da katin banki suke karɓar kuɗin tikiti, saboda haka a tafi da katin da ke aiki a waje, da ƙananan takardun fam ɗin Masar na mai keken doki da mai kwale-kwale.